Amsar Wasiƙun Masu Sauraro: Ka Auna Gudun Intanet Ɗinka Kafin Ka Sake Kashe Kuɗi

 Wasiƙar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga wani Alhaji mai sayar da kayan masarufi a Kasuwar Sabon Gari, watau Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi da ke Ƙaramar Hukumar Fagge a nan Kano. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga ma'aikatan wannan fili, ga abin da yake cewa:

"Na sayi akwatin intanet na gida, irin wanda ake sa wa layi a ciki, wanda ake kira rauta. A jikin kwalinsa an rubuta 150 Mbps, yaron da ya sayar mini kuma ya ce gudunsa kamar walƙiya. Amma da dare in zan yi magana ta bidiyo da ɗana da ke karatu a Misira, sai hoto ya tsaya cak, murya ta riƙa yankewa. In zan tura wa abokan cinikina na Maraɗi da Damagaram hotunan kaya, sai abin ya yi ta juyawa. Ga kuma data giga 30 da nake saye ta wata guda, ba ta kai mini mako biyu. Yanzu ana ba ni shawara in sayi na 5G mai tsada. Shin cutata ake yi, ko kuwa ni ne ban gane kan abin ba? Kuma akwai yadda mutum zai auna da kansa?"

To Alhaji, mun gode da wannan wasiƙa, Allah Ya ƙara wa kasuwa albarka. Amsar tambayarka ta ƙarshe ita ce, ƙwarai kuwa akwai, kuma wayar da ke aljihunka ta isa. Shawararmu tun farko ita ce ka dakata da sayen sabon akwatin nan tukuna. Ai kai ɗan kasuwa ne, ka san ba a ɗaukar buhun masara a Dawanau don kawai dillali ya ce cike yake, sai an ɗora shi a sikeli ko an sa kwano an auna.

Amma kafin awo, akwai abubuwa biyu da ka haɗa su a wasiƙarka, ya kamata mu raba su. Data daban, gudu daban. Ka ɗauki data kamar ruwan da ka saya aka zuba maka a tanki, giga 30 shi ne yawan ruwan. Gudu kuwa shi ne kaurin bututun da ruwan ke bi ya iso buta. Mutum na iya samun tanki cike fal amma bututunsa siriri, ruwa na zuwa ɗis ɗis. Wani kuma bututunsa ƙato ne, sai dai tankin ba ya daɗewa. Saboda haka ƙara sayen data ba ya ƙara gudu, kamar yadda ƙara gudu ba ya ƙara maka ko giga ɗaya.

Waɗannan haruffa Mbps da ka gani a kwali, ma'anarsu megabit a cikin sakan guda. A nan fa mutane da yawa ke rikicewa, domin akwai megabit, akwai kuma megabayit. Da megabit ake auna gudu, da megabayit ake auna nauyin hoto ko bidiyo da kuma datar da kake saye. Megabit 8 ne ke yin megabayit 1, megabayit kimanin 1,000 kuma su ne giga 1. Watau in layinka na gudun megabit 10, to a kowane sakan yana kawo megabayit ɗaya da kwata ke nan, bidiyo mai nauyin megabayit 100 zai ɗauke ka sakan 80, minti ɗaya da ɗan ɗoriya. Duk lambar gudun da ka gani, raba ta gida 8, ka samu abin da ke shigowa a zahiri.

Shi kuwa 150 ɗin nan da ke jikin kwali, iyakar abin da akwatin zai iya ɗauka ne in komai ya daidaita, watau a ce kana gindin ƙarfen sabis, ba bango tsakaninku, kuma ba kowa a kai sai kai kaɗai. Kamar mota ce da aka rubuta kilomita 200 a agogonta. Ba ƙarya aka yi ba, amma ka shiga da ita kwanar Bata da ƙarfe biyar na yamma ka gani ko za ta yi 20. Yaron da ya sayar maka ya faɗa maka abin da ya karanta ne, bai faɗa maka abin da za ka samu a ɗakinka ba, shi ma bai sani ba, sai an auna.

To yaya ake awon? Ka haɗa wayarka da Wi-Fi na akwatin, ka kashe datar layin da ke cikin wayar don kada ka auna wani abu daban. Ka ce wa mutanen gida su dakata na minti biyu, masu kallo su tsaya, domin in ana jan ruwa ta wasu bututai ba za ka san gaskiyar abin da ke shigowa ba. Sai ka buɗe manhajar da kake shiga shafuka da ita, ka rubuta fast.com, shafi ne na kamfanin Netflix, da kansa zai fara ƙirga, ya tsaya a kan lamba ɗaya. Ko kuma ka rubuta speedtest.net, na kamfanin Ookla, ka danna babban da'irar da ke tsakiya. Ba a biyan ko kwabo, sai dai awon kansa yana shan data. Layi mai gudun megabit 20, in awon ya ɗauki sakan 10, ya sha megabayit 25 ke nan, ban da na turawa. Don haka kada yara su mai da shi abin wasa.

Lambobi uku za ka gani, kowace da aikinta. Ta farko gudun saukowa, watau yadda abu ke zuwa gare ka, kamar kallon bidiyo ko buɗe hoton da aka turo maka. Ta biyu gudun turawa, yadda abu ke fita daga wajenka. Wannan ta biyu ita ce mutane ba sa dubawa, alhali ita ce ta ɗan kasuwa. Hotunan kayan da kake tura wa mutanen Maraɗi, da hotonka da ɗanka yake gani a Misira, duk a kanta suke tafiya, kuma a yawancin layuka ta fi ta saukowa ƙanƙanta sosai. Sai ka ga mutum yana da saukowa 15 amma turawa ba ta kai 1 ba, yana mamakin me ya sa yake kallon fim lafiya amma hoto ya ƙi tafiya. In kana fast.com, sai ka danna wurin neman ƙarin bayani da ke ƙasan lambar kafin ta fito.

Lamba ta uku ita ce ta jinkiri, wadda za ka ga an rubuta ping a kanta, da haruffa ms a gefe. Wannan tana auna lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, kuma ms 1,000 su ne sakan guda. A nan ƙarama ita ce mai kyau. In ka ga 30 ko 50, madalla. In ta haura 200 ko 300, a nan ne za ka yi sallama ɗanka ya amsa bayan ka riga ka fara wata magana, kuna ta karo da juna. Kamar ɗan aike ne, yana iya ɗaukar kaya da yawa a kai amma in ya tafi sai an yi ta jiransa.

Nawa ne ya isa? A nan za ka yi mamaki, Alhaji. Kamfanin YouTube da kansa ya ce bidiyo mai matsakaicin haske, wanda ake rubuta wa 480p, megabit ɗaya da ɗigo 1 ya ishe shi, na 720p megabit biyu da rabi, na 1080p mai tsananin haske kuma megabit 5. Magana ta bidiyo a WhatsApp ba ta wuce megabit ɗaya ko biyu a kowane ɓangare, in dai layin a tsaye yake ba ya hawa da sauka. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a watan Maris na 2020, wanda aka tsara zuwa 2025, ya sa burin a samu aƙalla megabit 25 a birane, da megabit 10 a karkara. Ka ga ke nan ko gwamnati ba ta ambaci 150 ba. Gida mai mutum biyar ko shida, in yana samun megabit 15 zuwa 20 ba yankewa, ba shi da abin kuka.

Na shekarunmu ma za su tuna. A ƙarshen shekarun 1990, mai intanet a Kano ta wayar tarho ta NITEL yake shiga, kuma ƙarshen gudun na'urar wancan lokaci kilobit 56 ne, bai kai kashi ɗaya cikin goma na megabit guda ba. Hoto ɗaya irin na wayoyin yanzu mai megabayit 2 zai ɗauki kusan minti 5, in layin bai katse ba. Wayar salula ta GSM ma sai a watan Agusta na 2001 ta fara aiki a ƙasar nan.

Yanzu ga inda aikin yake. Awo ɗaya ba ya nuna komai. Ka samu takarda, ko bayan littafin bashi ma ya yi, ka auna sau uku a rana har kwana uku ko huɗu, bayan sallar asuba, da tsakar rana, da kuma bayan isha'i wajen ƙarfe tara. Kowane lokaci ka rubuta lambobin nan uku da ƙarfe nawa ne. Sa'an nan a kowane awo ka yi sau biyu, ɗaya kana tsaye kusa da akwatin, ɗaya kuma a ɗakin da ka saba zama. Wannan takarda ita za ta gaya maka inda ciwon yake.

A ce da asuba ka samu 30, da dare kuma ka samu 2. To akwatinka lafiyarsa lau, cunkoso ne a ƙarfen sabis na unguwarku. Ƙarfen nan kamar famfon burtsatse ne na unguwa, abin da yake iya bayarwa a lokaci guda ƙayyadadde ne, duk wayoyin da ke kewaye da shi kuma suna rabawa ne. Da asuba kai kaɗai ne a bakin famfo, da dare kowa ya kawo bokitinsa. Sabon Gari kuwa wuri ne da jama'a ta yi yawa ƙwarai, benaye cike da 'yan haya, ga otal-otal, ga shaguna, da rana kasuwa ta ɗauka, da dare gidaje su ɗauka. Irin wannan matsala, ko ka sayi akwati goma na kamfanin nan ɗaya, duk bakin famfo ɗaya za su je. Abin yi shi ne ka ari layin wani kamfani a wajen maƙwabci ko yaron shago, ka auna da shi a wannan lokaci na dare a ɗakinka, ka ga wanda ya fi sauƙin cunkoso a layinku. Kada ka tambayi mutumin Hotoro ko na Rijiyar Zaki wane kamfani ya fi, ƙarfensu daban naku daban. Sai dai ka lura, wasu akwatunan a kulle suke ga kamfani ɗaya, ba sa karɓar layin wani, sai ka yi gwajin da waya.

In kuwa ka ga kusa da akwati 25, a ɗakinka kuma 4, to laifin na cikin gida ne. Wi-Fi ba ya son bangon kankare mai rodi, ba ya son ƙofar ƙarfe, ba ya son a ɓoye shi. Mun san yadda ake yi, saboda ƙura da yara sai a jefa akwatin a cikin durowa ko bayan talabijin, a rufe da ƙyalle. Fito da shi, Alhaji. Ka ɗora shi a sama, kusa da taga, a tsakiyar gida in zai yiwu. Ka gwada taga biyu ko uku kana aunawa, domin wadda ke fuskantar ƙarfen sabis takan fi sauran nesa ba kusa ba. Wasu akwatunan kuma suna fitar da Wi-Fi iri biyu, ɗaya mai lamba 2.4, ɗaya mai lamba 5. Mai 5 ɗin ya fi gudu amma ba ya nisa, mai 2.4 ya fi ratsa bango. Kuma fa wannan 5 ɗin ba shi ne 5G ba, ko da ka ga an rubuta haka a sunansa, abu ne daban.

In kuma ko da asuba, ko kusa da akwati, lambar ba ta tashi, to ko dai sabis ɗin ba ya isowa gidanka da ƙarfi, ko kuma an rage maka gudu. Tsare-tsaren nan da ake cewa ba su da iyaka, yawancinsu suna da sharaɗi a rubuce da ƙananan haruffa, cewa in ka kai wani adadi za a matse maka bututu har ƙarshen wata. Ka nemi a karanta maka sharaɗin.

Wani lokaci kuma ba kai ba ne, ba unguwarku ba ce. Abin da kake kallo a Kano yakan biyo wayoyin gilashi da aka binne a ƙasa tun daga Legas, tafiyar kimanin kilomita 1,000, daga can kuma ya bi ta ƙarƙashin teku. Mai gyaran hanya ya sa katafila ya tsinke waya a wani gari, sai ku ji a jikinku a nan. A ranar 14 ga Maris na 2024, manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, watau WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya rikice a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, har bankuna suka kasa aiki yadda ya kamata a Nijeriya. A irin wannan rana ba abin da za ka taɓa a gida ya gyaru. Ka tambayi maƙwabta, in kowa na kuka sai haƙuri.

Mu dawo kan datarka da ba ta kai mako biyu, domin a nan ne kuɗin ke zurarewa. Ba za mu ce ba a taɓa kuskuren lissafi ba, amma kafin ka zargi kowa, yi wannan lissafi tare da mu. Bidiyo mai cin megabit 5, in an kalle shi awa guda, ya sha giga biyu da kwata. Wannan bidiyon dai, in an rage haskensa zuwa 480p, kimanin rabin giga zai sha. Su kuwa YouTube da ire-irensa, in suka ga layi na gudu, da kansu suke ɗaga hasken ba tare da sun tambaye ka ba. Ka ga ke nan, awa 13 ko 14 na irin wannan kallo sun cinye giga 30, awa ɗaya a rana ke nan na mako biyu. A gidan da ake bin finafinai masu dogon zango, wannan ai ba komai ba ne. Daɗin daɗawa, waya in ta ga Wi-Fi sai ta ɗauka kyauta ne, ta hau sabunta manhajojinta da ɗora hotunan mai ita, cikin dare kowa na barci. Shi ya sa muke ce maka ka yi hattara da 5G. In ya yi maka aiki, bututun ne zai ƙara faɗi, tankin kuwa yana nan yadda yake, zai ma fi saurin ƙarewa.

Magani a nan mai sauƙi ne. A shiga kowace waya a rage hasken bidiyo zuwa 480p ko 360p, a ƙaramin gilashin waya bambancin kaɗan ne. A hana WhatsApp sauko da bidiyo da kansa. Ka sa wani yaro mai ilimin abin ya buɗe maka shafin akwatin, adireshinsa na rubuce a ƙarƙashinsa, ka ga wayoyi nawa ne a kai. Sau da yawa mai gida na ƙirga shida sai ya tarar da goma sha biyu, domin lambar sirri ta zaga gidan haya daga hannun yaro zuwa hannun yaro. Ka canza ta.

Game da 5G ɗin kansa, ba mu ce ba shi da kyau ba. MTN ya fara shi a 2022, Kano na cikin biranen farko da ya ambata, Airtel kuma ya bi a 2023. Inda ya isa da ƙarfi yana gudu sosai. Sai dai zangon da yake tafiya a kai ba ya nisa kamar na 4G, bango kuma na rage shi, ana iya samunsa a bakin titi a rasa shi a ɗaki na ciki. Inda babu shi, akwatin mai tsadar nan 4G zai koma, ka biya kuɗin doki ka hau jaki. Kafin ka biya, ka nemi mai wayar 5G da layin wannan kamfani ya zo har ɗakinka da dare ku auna. Gani ya kori ji.

Ga 'yan'uwanmu manoma da 'yan kasuwar ƙauye da ke saurare, waɗanda waya kawai suke da ita, awon ɗaya ne. Ƙari kawai, ku dubi harafin da ke saman waya kusa da sandunan sabis. In kun ga E, wannan tsohon layi ne na 2G, bai kai rabin megabit ba, ya isa saƙon rubutu amma ba bidiyo ba. H ko H+ na 3G ne, sai 4G ko LTE. Sandunan kuwa ƙarfin isowar sabis kawai suke nunawa, ana iya samun sanda cike intanet na rarrafe. Tura kuɗi da na'urar POS ba sa bukatar gudu mai yawa, in sun maƙale sau da yawa daga wajen banki ne, kamar yadda aka sha fama a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun Naira. Kada dai a saki kaya sai an ga kuɗi a asusu. Akwai kuma Starlink mai aiki da tauraron ɗan'adam, wanda ya shigo Nijeriya a watan Janairu na 2023, ba ruwansa da ƙarfen sabis, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin mutum ɗaya a ƙauye, sai dai ƙungiya ko makaranta, yana kuma bukatar wuta.

In ka gama awonka, Alhaji, ka gyara na cikin gida, abin bai canza ba, to ka kira kamfaninka a lamba 300, wadda tun 2023 ta zama ɗaya ga dukkan kamfanonin waya, kamar yadda *323# ke nuna ragowar data. Ka karanta musu abin da ke takardarka, rana kaza ƙarfe kaza na samu kaza, ka faɗi layinku da unguwa, ka kuma karɓi lambar ƙorafi ka rubuta. Mai cewa "sabis ba kyau" kawai, ce masa ake ya kashe ya kunna. In an ɗauki lokaci ba a yi komai ba, sai ka kira Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, a lamba 622, kiran kyauta ne, za su tambaye ka wannan lambar ƙorafi, saboda haka kada ka yar da ita. Mu ma ka aiko mana da lambobin da ka samu, na asuba da na dare, mu karanta wa maƙwabtanka na Sabon Gari da Fagge a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.